Maganin sukari ya hana ni sakat, har na daina shan ɗaya a ɓoye

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 47, malamar makaranta, kuma wata bakwai ke nan da likita ya tabbatar mini da ciwon sukari nau'i na biyu. An ɗora ni a kan metformin mai miligiram 1000 safe da dare, da glibenclamide mai miligiram 5 kowace safiya. Tun makon farko cikina ya ɓaci: gudawa, kumburin ciki, da wani ɗanɗanon ƙarfe a baki. Sau biyu ina barin ɗalibai a tsakiyar darasi in ruga banɗaki. Don gudun abin kunya sai na daina karin kumallo, in haɗiyi ƙwayoyin da ruwa kawai in tafi aiki. Daga nan wata matsalar ta ɓullo: wajen ƙarfe 11 na safe jikina yakan kama rawa, gumi ya keto mini, idona ya yi duhu. Ranar da na gwada, na'urar awon sukari ta nuna 58. Wata guda da ya wuce na daina shan metformin ban gaya wa kowa ba. Gudawar ta tsaya, amma rawar jikin tana zuwa jefi-jefi, domin har yanzu ba kullum nake karyawa ba, gwajin safe kuma ya koma tsakanin 190 da 220. Maigidana kullum faɗa yake yi wai ba na kula da kaina, yana ƙirga ƙwayoyin, har na fara zubar da su don kada ya gane. Yayata kuma ta ce in bar magungunan gaba ɗaya domin su ne ke kashe ƙoda, ta kawo mini wani jiƙo na ganye. Da na koma asibiti likita ya tambaye ni, na ce masa komai lafiya, saboda layi ya yi tsawo kuma ina jin nauyinsa. Na gaji, ina kuma jin tsoro. Me zan yi?

Wa alaikis salam, Malama. Sannu da fama, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga sakaci a cikinta ba. Na ga macen da aka miƙa wa ƙwayoyi ba a yi mata cikakken bayaninsu ba, ta tsinci kanta tsakanin kunyar gudawa a gaban ɗalibai da tsoron faɗuwa a aji, ta nemi mafita ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a cikinsa na murɗawa ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a ce miki ki daure kawai ba.

Sai dai akwai abu ɗaya da ba zai jira ki ga likita ba, shi ya sa zan fara da shi. Daga gobe da safe, kada ki sake haɗiye glibenclamide sannan ki fita da ciki wayam. Wannan ƙwaya tana cikin rukunin magungunan da ke matsa wa fankiriyas, gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, ta fitar da insulin ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. Idan insulin ya fito bai tarar da abinci ba, sai ya kwashe ɗan sukarin da ke cikin jini, shi ne rawar jiki da gumi da duhun idon da kike gani wajen ƙarfe 11. Duk awon da ya sauka ƙasa da 70 sukari ya yi ƙasa, ƙasa da 54 kuwa hatsari ne sosai, ga shi naki ya kai 58. Ki sha ƙwayar tare da karin kumallo na gaske. Idan wata safiya ta zo da ba za ki iya cin komai ba, rashin shan ƙwayar a wannan safiyar ya fi shan ta da ciki babu komai aminci, amma wannan ma abu ne da za ki kai gaban likita ya tsara miki.

Ki lura da yadda abubuwan suka jeru, domin a nan bakin zaren yake. Metformin ya kawo gudawa, gudawa ta sa kika bar karin kumallo, barin karin kumallo ya bar glibenclamide yana aiki a kan ciki babu komai, sukari ya faɗi. Da kika tashi yanke hukunci, sai kika ajiye metformin, wanda shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari, kika riƙe wanda ke faɗar da shi. Aikin metformin mafi girma shi ne hana hanta zubo sukari mai yawa a cikin jini, musamman da dare lokacin da mutum yake barci, da kuma taimaka wa jiki ya amsa wa insulin. Shi ya sa gwajinki na safe ya haura 190 da kika bar shi. Yanzu kina tsakanin hatsari biyu: sukari a sama da asuba, sukari a ƙasa da hantsi. Ba na ganin laifinki, domin ba a bayyana miki aikin kowace ƙwaya ba, amma wannan hali ba wanda za a zauna a cikinsa ba ne.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne ɓacin ciki daga metformin sananne ne, kuma akwai hanyoyin da aka daɗe da sani na rage shi. Galibi ana farawa ne da miligiram 500 sau ɗaya a rana, a sha a tsakiyar abinci ko da zarar an gama, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan mako ɗaya ko biyu har hanji ya saba. Idan da miligiram 1000 sau biyu kika fara tun ranar farko, ba mamaki cikinki ya ƙi amincewa, shan sa da ruwa kawai ba abinci kuwa ƙara tsananta abin yake yi. Akwai kuma nau'in metformin mai narkewa a hankali, wanda ake rubuta XR ko SR a jikin kwalinsa, ana yawan shan sa sau ɗaya tare da abincin dare, kuma mutane da dama da na farkon ya wahalar sun samu sauƙi da shi. Shi wannan ba a tauna shi, ba a daka shi. Ga mafi yawan mutane gudawar tana lafawa cikin 'yan makonni, amma akwai waɗanda cikinsu ba ya karɓar maganin ko ta yaya aka bi, kuma idan kina cikinsu babu aibi, akwai wasu magungunan. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki koma kan miligiram 1000 sau biyu da kanki gobe, domin abin da ya kore ki zai sake dawowa. Dawowar ta zama ta sannu a hankali, da sanin likita, bayan an duba lafiyar ƙodarki.

Ina jaddada komawa kan metformin ne saboda magani ne da ya cancanci a sake ba shi dama. An fara amfani da shi wa masu ciwon sukari a Faransa tun 1957, kuma wani babban bincike da aka yi shekara da shekaru a Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa masu ƙiba da aka ɗora a kansa sun samu raguwar ciwon zuciya da mace-mace. Ba ya ƙara ƙiba, kuma har yau shi ne maganin farko da ake ba mafi yawan masu nau'i na biyu. Abin lura game da shi shi ne, idan aka shekara da yawa ana sha yana iya rage bitamin B12 a jiki, abin da ke kawo kasala, ƙarancin jini, ko jin ƙafa kamar ana tsira allura, saboda haka ana duba shi lokaci-lokaci. Haka kuma duk ranar da amai ko gudawa mai tsanani ta kama ki har ba kya iya riƙe ruwa, akan dakatar da shi na ɗan lokaci, sai ki tuntuɓi asibiti a ranar.

Glibenclamide ɗin ma akwai magana a kansa. A cikin danginsa yana cikin waɗanda suka fi yawan faɗar da sukari da daɗewa suna aiki a jiki, shi ya sa ake kauce masa ga tsofaffi da masu raunin ƙoda. Likitanki zai iya rage miki shi, ko ya musanya shi da ɗan'uwansa gliclazide wanda hatsarinsa ya fi sauƙi, ko ya cire wannan rukunin gaba ɗaya. Akwai sitagliptin da linagliptin, waɗanda ba su cika tayar da ciki ko faɗar da sukari ba. Akwai empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari, waɗanda aka tabbatar suna kare zuciya da ƙoda, sai dai suna ƙara yawan fitsari kuma suna jawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi na al'aura, musamman ga mata, don haka ki san da wannan kafin a ba ki. Akwai irin su semaglutide da liraglutide masu rage ci da ƙiba, amma su ma suna kawo tashin zuciya, kuma ga mai ciki irin naki sai an bi a hankali. Na jero miki su ne don ki san cewa ƙofofi da yawa ne, zaɓin kuwa ya danganta da ƙodarki, zuciyarki, nauyinki, da abin da aljihunki zai iya ɗauka wata bayan wata. Wannan na ƙarshen ki faɗe shi ba kunya, domin maganin da za a saya wata biyu a kasa ci gaba da shi bai kai wanda za a dawwama a kansa amfani ba.

Duk wannan yana komawa ne ga likita, kuma a nan zan ɗan matsa miki, 'yar'uwa. Da kika ce masa komai lafiya, kin bar shi yana aiki da labarin da ba shi ne ba. Ki duba abin da zai iya biyo baya: ya ga sukarinki ya hau, yana zaton kina shan ƙwayoyin biyu, sai ya ce ba su isa ba, ya ƙara miki glibenclamide, wato ainihin maganin da ya kai ki 58. Na san layi yana da tsawo, na san akwai likitan da ke rubutu kafin ka gama magana, kuma a ganina ya kamata tun farko a yi miki bayanin abincin safe da alamun faɗuwar sukari. Amma ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a ajinki sai ta bakinki. Ki nemi ganinsa cikin makon nan, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki rubuta maganarki a takarda tun daga gida, jimla uku kacal, ki faɗe su kafin ya ɗauki alƙalami: na daina metformin wata guda ke nan saboda gudawa, sukarina ya taɓa sauka 58 da hantsi, gwajin safe kuma yana kaiwa 220. Ki tafi da kwalayen magungunan da na'urarki. Likitoci suna jin irin wannan kullum, kuma idan wanda kike gani ya ƙi saurare bayan kin faɗa masa a sarari, haƙƙinki ne ki nemi wani, ko ki yi magana da ma'aikaciyar jinya ko masanin magunguna.

Kafin ranar, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta awo. Ki gwada da safe kafin ki ci komai, ki gwada wajen ƙarfe 11 ko duk lokacin da jikinki ya fara rawa, wata rana kuma ki gwada awa biyu bayan fara cin abinci, ki rubuta abin da kika ci da ƙwayar da kika sha a gefe. Ga mafi yawan manya ana son awon safe ya zauna tsakanin 80 da 130, na bayan abinci kuma ƙasa da 180. Idan na'ura ta kasance mai ƙananan lambobi, ana raba waɗannan da 18 ne, wato kusan 4.4 zuwa 7.2 da safe, ƙasa da 10 bayan abinci. Ki nemi a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin mutane ana son ya yi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Idan kina da ƙarancin jini ko sikila, ki sanar, domin suna iya karkatar da sakamakon.

A cikin jakarki da aljihun teburinki na aji kuma, kada a rasa sukari. Da zarar kin ji rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani ko bugun zuciya da sauri, ki zauna, ki sha kimanin giram 15 na sukari, wato ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace ko lemun kwalba mai sukari. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, idan bai haura 70 ba ki maimaita, idan ya haura ki ci abinci mai riƙe ciki. Kada ki yi tuƙi a wannan hali. Ki zaɓi abokiyar aiki ɗaya da kika amince da ita ki gaya mata inda sukarin yake, ki kuma gaya mata cewa idan kika suma ba a ɗura miki komai ta baki, asibiti ake kai ki nan take. Faɗuwar sukari ta glibenclamide tana iya dawowa bayan sa'o'i ko da mutum ya farfaɗo, don haka wadda ta yi tsanani tana buƙatar asibiti ko kin ji sauƙi. A ɗaya ɓangaren, idan awo ya haura 300 ga ƙishirwa mai yawa, amai, ko ruɗewa, shi ma ba a kwana da shi a gida.

Yayarki ƙaunarki take yi, kuma tsoron da take ji yana da tushe, sai dai an juya mata labarin. Metformin ba ya cin ƙoda. Ta ƙoda yake fita daga jiki, shi ya sa likitoci ke duba ta kafin su ba da shi, su rage shi idan ta yi rauni, su dakatar idan awon aikinta ya sauka ƙasa da 30, don kada ya taru a jini. Mutane suna ganin an cire wa mai ciwon ƙoda maganin sai su ce shi ne ya jawo ciwon. Abin da ke lalata ƙoda a hankali, shekara bayan shekara ba tare da wani zafi ba, shi ne sukarin da ya daɗe a sama da hawan jini, su ne manyan dalilan gazawar ƙoda a duniya. Wato abin da Yaya take gudar miki, barin magani ne yake kusantar da shi. Game da jiƙon kuwa, ki yi mata godiya, ki ce za ki nuna wa likita tukuna. Ba a san ƙarfin abin da ke ciki ba, wasu ganyayen suna sauke sukari su haɗu da glibenclamide su ƙara faɗar da shi, wasu kuma suna wahalar da hanta da ƙoda. Idan za ta yarda, ki tafi da ita ranar gwajin ƙoda ta ga sakamakon da idonta, hakan zai fi dogon musu amfani. Gwajin nan na jini da fitsari, da duba idanu da ƙafafu, sau ɗaya a shekara ake so, ko da kina jin garau.

Maigidanki kuma, ina kyautata zaton tsoro ne ya koma masa faɗa. Yana ganin lamba tana hawa, bai san dalili ba, sai ya kama abin da hannunsa ke iya kamawa, wato ƙirga ƙwayoyi. Amma ƙirgar ta kai ki ga zubar da magani a ɓoye, kuma wannan ɓoyon nauyi ne a kan nauyin da kike ɗauke da shi. Ki samu lokacin da hankali yake kwance, ba lokacin shan magani ba, ki gaya masa abin da ya faru a aji kamar yadda kika gaya mini, har da barin darasi da duhun ido. Zai yiwu ransa ya ɓaci da farko saboda ɓoyon, ki ba shi lokaci. Sannan ki ba shi aikin da ya fi ƙirga amfani: ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, ya koyi alamun faɗuwar sukari da abin da zai yi idan ta same ki da dare, ya taya ki tabbatar da cewa ba ki fita da safe ba ki karya ba. Idan kina ganin maganar za ta yi zafi a gida, ki bari a yi ta a gaban likita, domin wasu mazan sun fi karɓar bayani daga can.

Abinci da motsa jiki suna da nasu rabon, amma ba na so ki ƙara wa kanki horo yanzu. Abin da kika fi buƙata shi ne cin abinci a kan lokaci, sau uku, a rage yawan mai sitaci a faranti, a ƙara ganye da abinci mai gina jiki, a bar abin sha mai zaƙi sai don ceton faɗuwar sukari. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sauke awon bayan abinci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Muddin kina kan glibenclamide, ki riƙe sukarinki a aljihu idan za ki fita tafiyar.

Ki kuma sani tun yanzu cewa wannan ciwo yana sauyawa da shekaru, fankiriyas tana rage ƙarfi sannu a hankali, don haka idan wata rana aka ƙara miki magani ko aka ambaci allurar insulin, ba shaida ba ce ta cewa kin gaza. Gajiyar da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki ma ki faɗe ta a asibiti, musamman idan ta fara taɓa barcinki ko sha'awarki ga aiki, domin damuwa tana yawan raka masu ciwon sukari kuma ana magance ta. Idan kuma gudawar ta dawo alhali ba kya shan metformin, ko kika ga jini a bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, to a nemi wani musabbabin daban.

Ki karya kumallo gobe kafin ki taɓa ƙwayar, ki saka sukari a jaka, ki nemi ganin likita cikin makon nan da takardarki a hannu. Ki sake rubuto mini bayan kin gan shi, ina so in ji wane sauyi aka yi miki da yadda cikinki ya karɓe shi. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.